Yaron Farko a Sabuwar Sana'a: Riba ko Wahala?



Yau ina so mu zauna, ni da kai, mu tauna wata magana wadda ta shafi kowane gida mai saurayi ko budurwa a ƙasar Bande. Ka karanta sannu a hankali. In ka gaji ka ajiye, gobe ka ɗora.

Kowace shekara akan sami wani ya dawo daga ci-rani da ɗan abin hannunsa. Wani daga Kano, wani daga Legas, wani daga Agadas ko Libiya. Sai ya ce zai kafa sana'a a gida. Wannan ya sayi injin niƙa. Wancan ya buɗe shagon cajin salula da farantin hasken rana. Wani ya sayi injin ban ruwa don noman rake da albasa a fadama. Shi kaɗai ba ya iya aikin. Sai ya kira ƙanensa, ko ɗan ƴar'uwarsa, ko ɗan maƙwabci, ya ce: "Zo mu fara tare. Yanzu ba ni da abin biyanka sosai. Amma in Allah ya buɗa, kai ne na farko."

To, ga tambayarmu. Wanda ya amsa wannan kira, ya shiga tun sana'a tana jaririya, yana cin riba kuwa? Ko dai kura ce da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi?

LABARI BIYU

Bari in ba ka labarin mutum biyu da suka zauna a ajina na yaƙi da jahilci. Ba zan faɗi sunansu ba, don rufin asiri.

Na farko saurayi ne. Kawunsa, wan mahaifiyarsa, ya sayi injin niƙa, ya kira shi. Yaron nan shi ne ya haƙa ramin da aka kafa inji. Shi ke tashi da asuba, shi ke rufe ƙofa da dare. In inji ya lalace, shi ke hawa mota zuwa Magariya ko Damagaram neman kayan gyara. Abincinsa a gidan kawu, ranar kasuwa a ba shi ɗan na sabulu. Shekara uku ana haka. Allah ya sa albarka, aka sayi inji na biyu, aka buɗe ɗan kanti.

Wata rana yaron ya daure ya ce: "Kawu, ina matsayina a cikin wannan abu?"

Kawu ya yi dariya ya ce: "Haba ɗana! Ai abin nan naka ne. Ni ina raye ka wulaƙanta?"

Kawu ba ƙarya ya yi ba, har cikin zuciyarsa haka yake nufi. Amma rai ba a hannunsa yake ba. Damina ɗaya ya kwanta ciwo, kwana shida Allah ya karɓi abinsa. Malamai suka zo rabon gado. Suka tambaya ko akwai bashi, aka biya. Suka tambaya ko akwai wasiyya, babu. Ɗan ƴar'uwa kuwa ba ya cikin magada. Yaron ya ce an yi masa alkawari. Aka ce: "Alkawarin nawa? A gaban wa?" Ya yi shiru. Magada suka ji tausayinsa, suka ba shi rigunan mamaci biyu da jaka 20. Yau yana dako a tasha.

Ta biyu mace ce, bazawara mai ƴaƴa uku. Wata Hajiya ta fara sana'ar man gujiya da ƙuli-ƙuli, tana aikawa da su kasuwannin bakin iyaka. Ta nemi wannan baiwar Allah ta kama mata aiki. Ita kuwa lokacin ta gama koyon rubutu da lissafi. Ta ce: "Hajiya, na yarda. Amma don Allah mu rubuta, saboda halin rai." Hajiya ta ɗan ɓata fuska, daga baya ta amince. Suka rubuta a gaban liman cewa kowane ƙarshen wata za a yi lissafi, kashi ɗaya cikin huɗu na riba nata ne. Ita ce ma ke riƙe da littafin.

A shekarar 2023 aka rufe iyakar Nijar da Najeriya, ba a buɗe ba sai cikin Maris na 2024. Ciniki ya tsaya, jarin Hajiya ya narke, sana'a ta mutu. Amma kafin nan matar ta yi wata 20 tana karɓar rabonta. Ta sayi awaki huɗu da tukunyar suya. Yau tana yin ƙuli-ƙulin kanta, kuma ita da Hajiya suna zumunci har gobe.

Ka duba da kyau. Sana'ar farko ta rayu, amma yaron ya fita hannu wofi. Sana'a ta biyu ta mutu, amma matar ta fita da abinta. Dukansu sun shiga da wuri. Dukansu sun sha wuya. Abin da ya raba su shi ne, ɗaya ta san rabonta tun ranar farko, ɗaya bai san nasa ba.

YADDA IYAYENMU SUKA YI

Wani dattijo zai ce: "Malam, mu a zamaninmu ba mu san takarda ba, kuma ba a cuce mu ba." Akwai gaskiya a maganarsa. A ƙasar Hausa tun da can akwai uban gida da baransa. Yaro ya bi fatake, ya yi kiwon jakai, ya ɗauki kaya, ya kwana a zango. In ya yi shekaru, uban gida ya yi masa aure, ya ba shi jari, ya sallame shi ya tsaya da ƙafarsa. Da yawa cikin manyan alhazan Maradi da barantaka suka fara.

A Kano ma haka. Jirgin ƙasa ya iso birnin a 1911, cinikin gujiya ya buɗe. Alhassan Ɗantata, wanda ya rasu a 1955, ya fara da fataucin goro, daga baya ya zama babban mai sayen gujiya. Yakan ba yaransa kuɗi su shiga ƙauyuka su sayo masa. Ta wannan hanya mutane da yawa suka koyi ciniki, suka kafa gidajensu.

Me ya sa abin ya yi aiki ba takarda? Domin gari duka shaida ne. Kowa ya san yaron wane ne. Kowa ya san shekarun da ya yi. Uban gidan da ya ƙi sallamar baransa, bakin duniya ya ishe shi, ba wanda zai ƙara ba shi ɗa. Wato kunya ita ce takardar wancan zamani.

Amma ko a da, ba kowace sabuwar sana'a ke rayuwa ba. Tambayi tsofaffin garinku labarin gujiya. A 1962 aka kafa SONARA don sayen gujiyar ƙasa, aka kafa UNCC don bashin manoma da ƙungiyoyin haɗin gwiwa. Daga 1966 aka shigo da abin da aka kira sabon tsari, inda manoma da kansu ke fitar da mai awo da marubuci a kasuwarsu. A Magariya aka gina masana'antar man gujiya ta SEPANI. Samari suka yi murna, suka ce arziki ya zo ƙofar gida. Sai ga fari na 1973. Sai ga darɓa a 1975, ta kawo cutar da ta cinye gujiya a gona. Noman gujiya ya faɗi, injin ya rasa abin matsa, daga baya ya yi shiru. Waɗanda suka ɗora rayuwarsu a kansa ba su yi laifin kome ba. Sana'a ce, tana da ajali kamar mutum.

ABIN DA YA SAKE

To, yanzu fa? Abu huɗu sun sake, kuma dukansu sun rage wa yaron farko ƙarfi.

Na ɗaya, kwaikwayo ya yi sauri. A da, mai inji ɗaya yakan yi shekaru shi kaɗai a gari. Yau in ka buɗe shagon caji, kafin kaka ta zagayo uku sun buɗe kusa da kai. Ribar farko, wadda ita ce ladan wanda ya riga kowa, ba ta daɗewa.

Na biyu, iskar da ke kaɗa sana'a daga nesa take tasowa. A Janairun 1994 aka karya darajar sefa da rabi a dare ɗaya. Daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020 Najeriya ta rufe iyakokinta. A 2023 naira ta faɗi warwas, iyaka ta sake rufuwa. Mu da cinikinmu ke kallon Maigatari da Ɓaɓura da Kano, mun ji a jikinmu.

Na uku, jarin yau sau da yawa ba na mai gida ba ne shi kaɗai. Akwai bashin banki, ko na asusu, ko na wani Alhaji a birni. In abu ya lalace, masu bashi ake fara biya. Yaro shi ne na ƙarshe a layi.

Na huɗu, shaidar gari ta yi rauni. Mai gida yana iya kwashe kayansa ya koma Damagaram ko Yamai. A can ba wanda ya san wa ya haƙa masa ramin inji.

HAR A ƘASASHEN NESA

Kada ka ɗauka mu kaɗai ke da wannan damuwa. A Amurka, samari masu ilimin kwamfuta suna yin irin wannan muhawara. Can in an kafa sabon kamfani, akan ce wa ma'aikatan farko: "Karɓi albashi kaɗan, mu ba ka hannun jari." Wato ɗan yanki na kamfanin ya zama naka. Yawanci sai ka cika shekara ɗaya kafin ka mallaki kome, sai ka cika huɗu kafin rabonka ya cika.

Wasu sun dace. An kafa Google a 1998, aka kai shi kasuwar hannun jari a 2004, ma'aikatan farko da yawa suka zama attajirai. A nan kusa, wani kamfanin biyan kuɗi ta intanet mai suna Paystack, wanda aka kafa a Legas a 2015, kamfanin Stripe na Amurka ya saye shi a 2020.

Wasu kuwa sun ga ta kansu. A farkon 2019 an yi wa kamfanin WeWork ƙimar dala biliyan 47. Dalar Amurka nake nufi, ba dalarmu ta tamma biyar ba. A Nuwamban 2023 kamfanin ya kai kansa kotu ya ce ya kasa biyan bashi. Takardun rabon da ma'aikata suka riƙe suka tashi kusan a banza. A can ma, in an sayar da kamfani, masu bashi da manyan masu zuba kuɗi ake fara sallama.

Labarin waɗanda suka dace shi ke yawo a bakin mutane. Waɗanda suka faɗi ba a buga musu ganga. Haka yake a Amurka, haka yake a Bande. Darasin da za mu ɗauka shi ne: takarda ba ta hana sana'a mutuwa. Abin da take hanawa shi ne sana'a ta rayu, kai a bar ka a waje.

MU YI LISSAFI

Ɗauko allonka ko littafinka. Kuɗin da zan faɗa misali ne kawai, kai ka sa na garinku.

A Janairun 2024 gwamnati ta ɗaga mafi ƙarancin albashi daga jaka 30 da ƴan kai zuwa jaka 42 a wata. A ƙauye ba kowa ke samun haka ba. Saboda haka a ce in ka yi aiki a wani wuri, za ka sami jaka 30 a wata.

A sabuwar sana'a, mai gida yana ba ka jaka 10. Yana ciyar da kai, a ce abincin ya kai jaka 10. Jimla jaka 20 ke nan.

30 a cire 20, saura 10.

Wato kowane wata ka bar wa sana'ar jaka 10. A shekara, 10 sau 12, jaka 120. A shekara uku, jaka 360.

Ka gani? Kai da kake cewa ba ka da jari, ashe ka zuba jaka 360. Ba daga aljihu ka fitar ba, daga guminka ka fitar. Mai gida ya sa kuɗi, kai ka sa ƙarfi da ƙuruciya. In inji ya tsufa ana sayar da ƙarfensa. Shekara uku na samartaka kuwa, ba kasuwar da ake sayo su.

Lissafi na biyu. Ka ƙirga sana'o'in da aka buɗe a garinku shekara biyar da suka wuce. Nawa ne suke nan har yau? A ce ka tarar cikin uku, ɗaya ce ta rayu. To, kamar ka shuka rami uku ne, ɗaya ya tsira. Dole ramin nan ɗaya ya biya irin da ka zuba a ukun. Saboda haka abin da aka yi maka alkawari in sana'a ta rayu, ya kamata ya kai 360 sau 3, wato jaka 1,080. In alkawarin tsohuwar moto ce ta jaka 200, ka san cinikin bai faɗa maka ba.

Lissafi na uku. An ce kashi ɗaya cikin biyar na riba naka ne. Riba jaka 100 ce a wata, rabonka jaka 20. Sai wani Alhaji ya shigo da kuɗi, ya ɗauki rabin riba. Saura 50. Rabonka ya koma jaka 10, alhali aikinka bai ragu ba. Amma in kuɗin Alhaji ya sayo sabon inji, riba ta hau jaka 300, rabi 150 ne, rabonka jaka 30. Ka ga shigowar baƙo tana iya rage ka, tana iya ƙara ka. Abin da ya kamata shi ne a yi shawara da kai, kada ka ji a bakin mutane.

Kuma ka tambaya: riba bayan an cire me? Man inji, gyara, haya, patanti, duk daidai ne. Amma in an cire kuɗin sunan ɗan mai gida da na ragon layyarsa, ribar ba za ta taɓa fitowa ba.

KUNYA DA HAƘƘI

Yanzu mun zo wurin da maganar ta fi nauyi. Na san abin da ke zuciyarka. Kana cewa: "Malam, yaya zan dubi idon kawuna, ko yayana, in ce ya rubuta mini takarda? Ai zai ce ban yarda da shi ba."

Kunya ado ce, ba na musu. Gidan da ba kunya ya lalace. Amma ka tambayi kanka, wace kunya ce ta fi: ta rana ɗaya a zaure, ko ta ranar da za ka tsaya gaban alƙali da ƴaƴan kawunka? Gidaje nawa ka sani da suka daina gaisawa saboda "ya ce, ban ce ba"? Maganar da aka ƙi yi da sanyin safiya, ita ake yi da zafin rana. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Addininmu ma bai ce a ji kunyar wannan ba. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, aya ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu take magana. Malaman fiƙihu sun ce in za a ɗauki mutum aiki, dole a san ladansa tun farko. In ba a yanka ba, yarjejeniyar ta ɓaci, sai a biya shi ladan irin aikin da ya yi. Akwai kuma abin da suke kira ƙiradi, wasu su ce mudaraba. Wani ya ba da kuɗin fatauci, wani ya yi aiki, a raba riba bisa kason da aka ambata, rabi ko sulusi ko rubu'i. In an yi hasara ba da sakaci ba, mai kuɗi ya yi hasarar kuɗinsa, mai aiki ya yi hasarar wahalarsa. Ni malamin yaƙi da jahilci ne, ba na ba da fatawa. Ka je wurin limaminku ya nuna muku yadda za ku tsara naku. Amma ka ga tun da can malamai ba su yarda da ladan "sai Allah ya buɗa" ba.

Ga yadda za ka iya buɗe maganar ba tare da ɓata wa kowa ba: "Kawu, na yarda da kai ɗari bisa ɗari. Rai ne ban yarda da shi ba, nawa da naka. Mu rubuta don na bayanmu." Mutumin kirki zai ɗan yi shiru, sa'an nan ya ce ka yi gaskiya. Wanda ya tashi da faɗa kuwa, ya riga ya ba ka amsa. Ka gode wa Allah da ka ji ta yau, ba bayan shekara uku ba.

ABIN DA ZA A RUBUTA

Ba sai an je birni ba. Takardar littafin lakwal ta isa. A rubuta da Hausa, da boko ko da ajami. Ga abubuwa bakwai:

1. Sunan mai gida, sunan mai aiki, da ranar da aka fara.
2. Aikin da za a yi, da ranakun da za a sake ka ka je gonarka da damina.
3. Abin da za a ba ka a hannu kowane mako ko kowane wata.
4. Rabonka: kashi nawa ne, kuma bayan an cire me da me.
5. Ranar lissafi, da ikon ka duba littafi da idonka.
6. Sallama: bayan shekara nawa, kuma da me. A faɗi adadi, kada a ce "abin da ya sawwaƙa".
7. Abin da za a yi in ka bari, in an sayar da sana'a, ko in ɗayanku ya rasu.

A yi kwafi biyu. Shaidu biyu su sa hannu, mai gari ko liman ya gani. Ka ajiye taka a cikin leda, inda gara da ruwa ba su kai.

Shawara ɗaya a kan wannan. Rabon da ake ba ka kowane wata ya fi rabon da aka ce sai ƙarshe. Ka tuna matar nan mai ƙuli-ƙuli. Da ta jira ƙarshe, da ba ta ga kome ba.

KAI KUMA MAI GIDA

Wataƙila kai da ke karatun nan kai ne mai injin. Ban manta da kai ba. Na san zafin da ka sha kafin ka tara jarin nan. Na san in abu ya faɗi, kai masu bashi za su tsare a hanya. Rabonka ya fi na kowa, kuma daidai ne.

Amma ka tuna ranar da ba ka da kowa. Wanda ka ɗauka yau, bayan kanti ya cika, ya zo ne don ya ga haske. Wanda ya zo ranar farko, cikin duhu ya biyo ka. Ba su zama ɗaya ba. Kada ka ce: "Ai na ciyar da shi, na koya masa aiki." Jaki ma ana ciyar da shi. Alkawari kaya ne, kuma wanda ba a faɗi nauyinsa ba ya fi wuyar saukewa. In kana nufin alheri, ka rubuta shi tun kana da numfashi. Ka san mutum yana da ikon yin wasiyya har sulusin dukiyarsa ga wanda ba magajinsa ba. Da kawun nan ya yi haka, da ɗan ƴar'uwarsa ba ya dako yau.

Kuma takardar nan kai ma tana tsare ka. Yaron da ya san rabonsa ba ya sa hannu a aljihun sana'a, domin ya san kansa yake yi wa sata. Ba ya gudu ranar da wani ya ƙara masa jaka biyu.

TO, A SHIGA KO KADA A SHIGA?

Ga abin da na gani. Shiga da wuri yana da riba har yanzu, amma ba ga kowa ba, ba kuma a kowane hali ba.

Akwai ribar da ba ta shiga lissafin da muka yi. Yaron farko yana ganin sana'a tsirara. Ya san inda ake sayo kaya, ya san gyaran inji, ya san masu ciniki, ya san kuskuren da ke kashe jari. Wanda ya zo daga baya, gefe ɗaya kawai ake nuna masa. Wannan sani naka ne, ba ya shiga rabon gado, ba a rufe masa iyaka. In kai saurayi ne, ba mata ba ɗa, rumbun gidanku da hatsi, shekara biyu na irin wannan koyo ba hasara ba ne, ko da sana'ar ta mutu. Sai dai ka buɗe ido ka koya, kuma ka yanka wa kanka lokaci.

In kuwa tukunyar gidanka da abin da ka samo yau take tafasa, kada ka ciyar da ƴaƴanka alkawari. Nemi ladanka a hannu. Kuma ko wane ne kai, kada ka bar gonarka ta kwana saboda sana'ar da ba ka san rabonka a ciki ba.

Ke ma ƴar'uwa mai karatu, maganar nan taki ce. Ko aikin gujiya ne, ko ɗinki, ko tuyar ƙosai da wata, ki san kasonki. Mata sun riga maza gane wannan. Dubi ƙungiyoyin Mata Masu Dubara, waɗanda aka fara a jihar Maradi a 1991. Kowace ta san abin da ta zuba, a gaban kowa ake ƙirga kuɗi, a gaban kowa ake rabawa. Shi ya sa suka daɗe.

Ya kai mai karatu, ka sha wuya kafin ka iya haɗa baƙi da wasali. Wasu sun yi maka dariya, sun ce gemu da allo. To, ga ranar amfanin wahalarka. Hannun da ya iya rubuta sunansa ya iya rubuta haƙƙinsa. In an kira ka ko ɗanka zuwa sabuwar sana'a, ku tafi da ƙarfinku, ku tafi da amana, ku tafi da alƙalami.

TAMBAYOYI DON TATTAUNAWA A AJI

1. Me ya sa yaron injin niƙa ya fita hannu wofi, alhali kawunsa mutumin kirki ne?
2. Sana'o'i nawa aka buɗe a garinku cikin shekara biyar? Nawa suka rayu? Me ya kashe sauran?
3. Ana ba wani jaka 15 a wata, a wani wuri zai sami jaka 25. Nawa ya bar wa sana'ar a shekara biyu?
4. Ku rabu biyu-biyu, ɗaya mai gida, ɗaya mai aiki. Ku rubuta takardar yarjejeniya, ku karanta wa aji.

Allah ya ba mu sana'a mai albarka, ya tsare mu da cin haƙƙin wani, ya sa mu rabu da juna lafiya. Amin. Sai mun sake saduwa.